Ɓarayin Ƙasar Ganuwa

Tun kafin ta zauna a kujerarta aka ɓata wa Sufeto Zinatu Garko rai. Wai sata aka yi a dajin da ke bayan Abbey Wood. Da ta tambayi abin da aka sace, sai sajan ɗinta ya ce ƙasa.

"Ƙasa? Ta takawa?"

"Ita fa."

Ta ja tsaki ta ɗauki rigar ruwanta. Duk shekarun da ta yi tana bin masu wuƙa a titunan Landan, yau ita ce za ta bi sawun ɓarawon ƙasa!

Stephen mai kula da dajin ne ya tare ta, Bature dogo, fuskarsa ta yi ja don haushi. Ya kai ta gaban wata tsohuwar ganuwa da ta kewaye fili, ga gwalalo a bayanta, manyan itatuwa sun tsiro a kanta. Ya ce mutanen da can ne suka gina ta, tun ba a san Landan ba. A gefe ɗaya an yi mata wawan rami, har saiwoyi sun fito.

"Masu neman kayan tarihi ne?" ta tambaye shi.

"Su kan tone su bar ƙasar a wurin. Waɗannan ƙasar suka kwashe."

Ya duƙa ya tsinto wasu ƙananan abubuwa masu launin toka, ya zuba mata a tafin hannu. Tsofaffin harsasai ne. Ya ce sojoji sun taɓa koyon harbi a jikin wannan ɓangaren, don haka ƙasar cike take da dalma, ko yaran makaranta masu zuwa ziyara ba ya bari su taɓa. Sannan ya nuna mata hoton wata farar motar kaya da ya ɗauka a bakin dajin.

Da ta bi lambar motar, sai ta gano mai ita sunansa Mutawakil, mutumin Ghana, yana dakon kaya wa masu shaguna. A ƙofar gidansu ta same shi yana ta faman wanke bayan motar.

"Me ya kai ka dajin can?"

"Exercise, Madam. Likita ya ce in rage tumbi."

"Da cebur ake rage tumbi a garinku?"

Ya dubi ceburin da ke jingine, ya dubi jan ruwan da ke kwarara daga motar.

"Shuka nake yi, Madam. Tumatir."

"A flat ɗin da ke can saman bene? Kai Malam, kada ka maida ni yarinya. Ko ka faɗa min a nan, ko ka faɗa a ofis."

Nan take bakinsa ya buɗe. Ya ce wata Hajiya Fulera mai shago a Deptford ke aikensa, yana sauke mata buhunan ta ƙofar baya.

"Wallahi Hajiya ya ce na shukar fulawa ne. Ni ban tambaya ba."

Shagon Hajiya Fulera ƙarami ne, yana ƙamshin daddawa da busasshen kifi. Ita kuma dattijuwa ce mai fara'a, da carbi a hannu. A bayan kantar shagon 'yarta Sadia na zaune da tsohon ciki tana danna waya.

"Lale da 'yata! Ashe tamu ce. 'Yar wane gida ce ke?"

"Aiki ya kawo ni, Hajiya. Ina ƙasar da Mutawakil yake kawo miki?"

"Au, wannan? Fulawa nake shukawa a gida, ban san laifi ba ne."

Ana cikin haka wata mai ciki ta shigo, ta yi ƙasa da murya ta ce a ba ta irin na jiya. Hajiya ta yi kamar ba ta ji ba. Amma Sadia ta riga ta jawo faranti daga ƙarƙashin kanta, cike da ƙananan curi a ƙulle cikin leda.

Zinatu ta kwance ɗaya ta sansana. Ƙamshin katangar da ruwa ya daka, haɗe da hayaƙi. Ta san abin sarai, don ita ma da cikin fari sai da ta yi kwaɗayin ƙasa kamar ta yi hauka.

"Wannan daga ina?"

"Daga Kano ake kawo min, 'yata. Ta gida ce tsantsa."

Zinatu ta karɓe farantin gaba ɗaya, ta ce wa mai cikin ta wuce asibiti a duba jininta yanzun nan. Tana fita ta sa sajan ya buga wa asibitocin yankin, ya tambaya ko an kwantar da mai ciki da gubar dalma.

Amsa ta zo daga wani asibiti a Camberwell. Akwai ɗaya, sunanta Mufeeda.

Mijinta Nabil ne ya tari Zinatu a ƙofar ɗakin, idanunsa jajur. Ya ce sun yi shekaru da aure ba haihuwa, sai bana Allah ya kawo cikin. Yanzu ga shi likitoci sun ce motsin yaron ya ragu. An gwada ruwan gidansu, an gwada fenti, har kwallinta an gwada, ba a gano komai ba.

Zinatu ta ce ya ba su wuri. Ta zauna a bakin gadon.

"Ƙanwata, me kike ci wanda maigida bai sani ba?"

"Ba komai, Anti. Abincin gida kawai."

Zinatu ta ciro curi ɗaya ta ajiye a kan zanen gado. Mufeeda ta kafa masa ido, ta haɗiye yawu, sai hawaye.

"Kunya nake ji," in ji ta. "Nabil zai ce ƙauyanci ne. Su kuma nurses in na faɗa sai su yi reporting ɗina, su ce ban iya riƙe ɗa ba. Hajiya ta ce ta gida ce, iyayenmu ma sun ci. Ita ce fa uwata a garin nan, Anti. Ita ta ce za ta yi min wankan jego."

Zinatu ta ɗauke curin daga kan gadon. Ta tashi ta miƙa wa likita curin da harsasan. Yana jin bayaninta ya ce a shirya ɗakin tiyata.

Da la'asar ta koma Deptford da takardar izinin bincike. A ɗakin bayan shagon suka tarar da buhunan ƙasa, da tukunyar gashi, da rariya. Kusa da rariyar akwai gwangwanin madara, harsasai sun kusa cika shi.

"To, na ji, ta dajin ce," in ji Hajiya Fulera. "Amma ƙasa ai ƙasa ce, 'yata. Ni tsohuwa ina na san wata dalma? Tsakuwa na ɗauke su."

"Ba ki san tana cutarwa ba?"

"Wallahi tallahi ban sani ba."

Zinatu ta juya wurin Sadia, wadda ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ƙugu.

"Ke kina ci?"

Yarinyar ta ba da amsa da Turanci, ta ce tana so, amma Mama ta hana ta, wai ba ta dace da jininta ba.

"Ai kuwa Mama ta rantse ba ta san tana cutarwa ba," in ji Zinatu. Ta ɗauki curi ta miƙa mata. "Ungo, ɗanɗana."

Ba ta da niyyar sakar mata, amma ba a ma kai nan ba. Hajiya Fulera ta yi tsalle kamar ba tsohuwa ba, ta doke hannun Zinatu, curin ya tarwatse a ƙasa.

"Kada ki kuskura ki sa a bakinki! Za ki kashe min jika?"



"Jikanki," in ji Zinatu. "Na Mufeeda fa? Shi ba uwa ce ta ɗauki cikinsa ba?"

Hajiya ta zube a kan buhu. Ta ce ta gidan ta daina isowa, ana tarewa a hanya, mata kuma kullum suna damunta da tambaya. Da ƙungiyarsu ta mata ta je yawon buɗe ido dajin, aka yi yayyafi, ta ji ƙamshin ganuwar sak irin na gida. A wurin ma ta ji Baturen yana gargaɗin yara kada su taɓa.

"Na ɗauka in na tankaɗe na gasa, abin zai ragu. Kaɗan-kaɗan suke ci ai."

"Amma 'yarki ko kaɗan ɗin ba ki ba ta ba. Tir da halinki, Hajiya! Suna kiranki uwa, kina ƙulla musu guba a leda."

Sajan ya sa mata ankwa. Sadia ta matsa gefe ta ba su hanya, ko kallon uwar ba ta yi ba. A waje 'yan kasuwa sun taru suna leƙe, Hajiya na ƙoƙarin jan mayafi ta rufe fuska.

Suna isa bakin mota wayar Zinatu ta yi ƙara. Nabil ne. Ta saurara, ta ce innalillahi.

Hajiya Fulera ta ɗago kai.

"Yarinyar ce? Ta sauka?"

"Ta sauka. Namiji ne. Bai zo da rai ba."

"Wayyo... Allah ya ba ta wani."

Zinatu ta sunkuyo daidai fuskarta.

"Ta farfaɗo, Hajiya. Ba a gaya mata ta ina gubar ta fito ba. Mijinta ya ce tana ta kuka, wai a kira mata ke."

Ta tura ta cikin motar, ta buga ƙofa.