Dubu a Kan Kwali

Ana shirin kiran magariba Auta ya shiga gidan Inna da abin kwance kusa a aljihu. Aikin ba wani mai yawa ba ne: zai cire na'urar intanet da ya maƙala a soket ɗin ɗakinta, tunda mai ɗakin ta rasu.

Haɗa intanet sana'arsa ce, kuma ya san na'urar kamar yunwar cikinsa. Guda biyu ce. A sa ɗaya a falo kusa da rauta, akwatin da ke raba intanet, ɗaya a ɗaki mai nisa, saƙo ya bi wayar lantarkin cikin bango. A kwali an rubuta gudunta megabit dubu ne. Ƙarya ce tsagwaronta! A sabon gini ma da ƙyar a samu ɗari biyu, balle gidan Inna da wayoyinsa suka girmi Auta. Ya sani sarai. Abin da ya dace shi ne ya hau cikin silin ya ja wayar intanet har ɗakin, amma ƙura da zafi suka sa ya yi ƙyuya. Da Yaya ya bugo daga ƙasar da yake aiki yana tambaya ko za a riƙa ganin Inna da kyau a kiran bidiyo, sai Auta ya karanta masa kwalin.

"Dubu fa, Yaya. Kamar tana gabanka."

Ranar da jikin Inna ya yi tsanani, ta sa aka jingina mata waya a matashi, ta ce kowa ya fita, da babban ɗanta za ta gana. Ta ce, "Abin da nake so ka sani..." sai hoton ya daskare. Kafin ya dawo, rai ya yi halinsa. Auta kuwa ya ce wa Yaya matsalar daga can wajensa take. Tun ranar Yaya ke kuka yana tsine wa intanet ɗinsa, Auta na jin kamar ya haɗiyi garwashi.

Yau da ya shigo, ya fara zare na'urar falo, ya jefa a jaka. Ya doshi ɗakin.

Warin man zafi da tsohon turare na nan. An naɗe katifa. Fanka a tsaye, don tun la'asar aka ɗauke wuta.

Amma fitilar na'urar na ci. Koriya shar, tana ƙiftawa.

Ya tsaya turus. Babu wuta, abokiyarta kuma tana cikin jakarsa. Da wa take magana?

Ya ciro wayarsa ya buɗe manhajar da yake gwada gudun intanet da ita. Ta nuna an haɗu da wata na'ura marar suna. Ya dubi lambar, ya murza ido, ya sake duba.

Dubu cif.

Duk shekarunsa a aikin nan bai taɓa ganin wannan lambar ba sai a kwali.

Sai bango ya fara zuza, ƙasa-ƙasa, kamar ƙudan zuma a rami. Warin roba mai ƙuna ya taso. Zuzar ta biyo layin waya daga falo, ta ratsa saman ƙofa, ta gangaro soket.

"Autana..."

Muryar Inna ce, har da 'yar shaƙewar nan ta ƙarshe. Ya san wanda ya mutu ba ya dawowa. Ya san aljanu na aron murya, kuma tsohon gida a irin wannan lokaci nasu ne. Ya nemi addu'a a bakinsa, harshe ya ƙi.

"Ka ce dubu," muryar ta raɗa. "Ga shi na daɗe a hanya."

"Inna, ki yafe mini," ya ce, shi kansa bai ji sautinsa ba.

"Kira yayanka. Ban gama ba."

Wayar ta yi sanyi ƙalau a tafinsa. Sunan Yaya ya fito da kansa, ta fara kira.

"Abin da nake so ka sani..."

Murfin soket ya kumbura. Wani abu baƙi, siriri, mai gaɓoɓi fiye da na yatsa, ya leƙo ta gefensa.

"...shi ne..."

Abin ya taɓa masa idon sawu.

Auta ya ƙwalla ƙara, ya fizge na'urar daga bango. Muryar ta yanke. Bai san yadda ya kai titi ba, takalmi ɗaya, gwiwa na jini, Yaya na ta "Auta? Auta?" a waya.

Washegari da rana tsaka ya koma da liman, aka yi karatu. Ya mayar da na'urorin ya gwada: megabit tara, bango shiru. Ya sake gwadawa da magariba, ba sau ɗaya ba, shi kaɗai yana kuka. Ko ƙis.

Yanzu ko an roƙe shi ba ya sa wa kowa irin na'urar nan, gara ya wuni cikin silin. Ya kuma gaya wa Yaya gaskiyar maganar kwalin. Yaya ya tambaya, "Da ka ja wayar, da na ji ta?"

"Da ka ji ta, Yaya."

Katsewar farko ke nan ya amsa laifinta. Ta biyun, wadda ya yi da hannunsa saura kalma kaɗan, har yau ya kasa faɗa masa.