Wayar da Mode Ya Binne

Ranar da abin ya fara, an kawo wuta a Wurno bayan la'asar sakaliya, unguwa ta ɗauki murnar yara. Malam Attahiru yana zaune a tsakar gida a kan buzunsa yana jiran kiran magariba. Matarsa Rahinatu tana tsince shinkafa, 'yarsu Sharifa kuma ta shiga ɗaki ta jona dutsen guga don ta goge kayan makarantarta. Rana ta yi ja a bayan katanga, kaji sun fara hawa makwancinsu. Sai ƙwan fitilar tsakar gida ya yi haske fiye da kima, ya dushe, ya fashe. Kafin gilashin ya gama zuba ƙasa, tsakuwa ta faɗo a kan kwanon ɗaki, wata ta biyo ta, wata kuma ta sake biyowa, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana jin nauyin masu gida.

Malam Attahiru tsohon malamin makaranta ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyarwa tsakanin Rabah da Goronyo, kuma duk wanda ya zauna a ajinsa ya san shi da abu guda: ba ya barin kuskure ya kwana ba a nemo mai shi ba. Da ya ajiye aiki ya dawo gidan mahaifinsa, tsohon ginin ƙasa mai kaurin bango, ya sa aka yaɓe shi da siminti ciki da waje, aka shafa masa fenti ruwan ƙwai. Kafin yaɓen, wani mai aikin wuta da ake kira Mode ya fafe bangon ya binne wayoyi a ciki, domin Malam ya ce ba ya son ganin waya tana rataye a ɗakinsa kamar igiyar shanya. Lokacin aikin shi yana Sakkwato yana bin hakkinsa na ajiye aiki. Ya dawo ya tarar da bango sumul, ya shafa shi da tafin hannu, ya ji daɗi.

Saboda haka da ƙwan ya fashe, bai yi tunanin kowa ba sai Mode. Jifan kuwa ya ɗora wa yaran maƙwabta, ya zagaya bayan gida da sandarsa, bai ga ko akuya ba.

Washegari da almuru aka sake. Rana ta uku ma haka. Daga nan sai kukan ya shigo. Siririn kuka ne, irin na jaririn da ya gaji, kuma ba daga waje yake zuwa ba. Rahinatu ta ji shi a soket ɗin ɗakinta. Sharifa ta ji shi a makunnin fitilar nata ɗakin. Malam ya kara kunnensa a bangon zaure ya ji shi ƙarara, ya miƙe ya ce ƙarar waya ce da ba a ɗaure da kyau ba, kuma wanda ya yi wannan aikin banza shi zai zo ya gyara shi da hannunsa.

Aka aika gidan su Mode, aka ce ya bi masu haƙar zinariya arewa, ba a san ranar dawowarsa ba. Rahinatu ta roƙi Malam ya kira Isa, wani mai gyaran wuta a bakin kasuwa, ya duba. Malam ya ƙi. Ya ce idan wani ya taɓa bangon, gobe Mode zai sami bakin cewa ba aikinsa ne ya ɓaci ba. Ya je wurin yayan Mode, ya je wurin maginin da ya yi yaɓen, ya kai ƙara gaban mai unguwa, yana jera laifin dalla-dalla kamar yana gyara jarrabawa. Kowa ya ba shi haƙuri. Haƙuri kuwa ba shi ya je nema ba. Makonni suka shuɗe a haka, kukan yana ƙara sirancewa.

Sharifa ce ta fara canzawa. Yarinya ce mai surutu da tsokana, wadda takan kwaikwayi tafiyar mahaifinta a bayansa har uwarta ta ƙunshe dariya. Sai ta daina cin abinci sosai. Da rana ta karkata takan tashi ta dafa bango da yatsa, ta bi shi a hankali daga ɗaki zuwa ɗaki, kunnenta manne da siminti, har fatar yatsan ta saɓule tana barin jan layi a kan fenti. In an janye ta sai ta sandare, mutum biyu ba sa iya tanƙwara hannunta. Wata magariba Malam ya daka mata tsawa ya ce ta bar masa bango. Ta juyo ta dube shi da idon da bai taɓa gani a fuskarta ba, ta yi magana da muryar babbar mace, mai kauri, wadda kuka ya dusashe.

"Kai ka da bango?"

Rahinatu ta saki kwanon da ke hannunta. A daren nan ba wanda ya ci tuwo. Da asuba, ba tare da ta nemi izini ba, ta aika garin Magarya a kira Malam Abdulmutallib, wanda aka sani da karatu a kan masu irin wannan lalura. Mijinta ya ji, bai hana ba.

Malam Abdulmutallib ya iso bayan la'asar, dattijo ne ɗan siriri mai maganar ƙasa-ƙasa. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka zaunar da Sharifa, uwarta ta riƙe kafaɗunta. Ya fara karatu, ba gaggawa, ba ɗaga murya. Inuwar katanga ta rarrafo ta rufe su. Tsakuwa ta fara sauka a kan kwano. Can jikin yarinyar ya ɗauki rawa, ta yi wata ajiyar zuciya mai tsawo, muryar nan ta ce ya isa, ya daina ƙona ta, ita ma Musulma ce.

Ya tambaye ta abin da take nema a jikin 'yar mutane. Ta ce ba ta zo da mugunta ba. Ta ce ita da zuri'arta sun riga kakan Attahiru zama a wannan wuri, kuma ba su taɓa fasa wa gidan ko ludayi ba. Akwai wani ɗan rami a cikin tsohon bango, bai fi shigar hannu ba, a nan take kwantar da jaririnta in za ta gangara fadama. Ranar da aka yi aikin ta fita, ta dawo ta tarar an gitta zaren ƙarfe a bakin ramin, an shafe shi da siminti. Ɗan yana ciki.

"Ku ba ku ratsa bango?" in ji Malam Abdulmutallib.

"Ƙasa muna ratsa ta. Ƙarhen da wuta ta bi ba mu ƙetare shi, ko tana ciki ko ba ta ciki. Na gwada, Malam. Dubi hannuna."

Sharifa ta miƙa hannunta. Babu komai a kansa sai ɓawon yatsan nan, amma dattijon ya kau da kai kamar ya ga wani abu.

Ya ce to ta nuna ramin a fasa. Ta ce da ta san inda yake da ba ta wahalar da yatsan yarinya ba. Tun da aka shafe bangon ya zame mata abu guda, kuma kukan ɗan yana bin wayar ne, yana fitowa ta kowane ɗaki, ba ta iya gane tushensa. Ta yi jifa don a kula, ba a kula ba. Ta fasa fitila, aka ce laifin Mode ne. Ta saurari mai gidan yana zagaya gari yana neman wanda zai kama, ita kuwa tana jin muryar ɗanta tana raguwa.

Malam Attahiru ya matso. Ko a wannan hali halinsa bai bar shi ba. Ya ce shi bai san da zamanta ba, bai sa a rufe ramin kowa ba, kuma 'yarsa ba ta ci mata komai ba, don haka wannan zalunci ne, kuma yana son ya ji wa zai biya shi lafiyar 'yarsa.

"In nawa ya mutu cikin bangonka," muryar ta ce, "da taka za ni tahiya."

Nan Malam Abdulmutallib ya shiga tsakani. Ya tuna mata cewa rai ba ya biyan bashin ran da bai kashe ba, ya karanta mata abin da ya karanta, ta yi kuka, ta yi gardama, ya sake karantawa. A ƙarshe suka tsaya a kan magana guda. Idan aka buɗe ramin kafin ladan ya gama kiran magaribar gobe, za ta fita daga jikin Sharifa, ko me ta tarar a ciki. Ya sa ta rantse da Allah, ta rantse. Idan ba a buɗe ba kuwa, ba ta yi alkawarin komai ba.

Da gari ya waye Malam Attahiru da kansa ya je bakin kasuwa ya zo da Isa. Isa ya cire wayar gidan daga sandar wuta, ya tsaya yana kallon bangon. Ya ce gaskiya ba shi da na'urar da ke ganin cikin siminti, abin da ya sani kawai shi ne a kama waya daga makunni a bi ta da guduma da cizal har inda ta ƙare. Ya ce in mai aikin ya bi ƙa'ida, waya takan miƙe sama ne ta bi ƙarƙashin rufi, ba za a sha wuya ba.

Mode bai bi ƙa'ida ba. Tsohon bango ne, wani wuri taushi wani wuri kamar dutse, shi kuwa ya riƙa bin inda ƙasa ta fi sauƙin fafewa. Wayar ta tashi daga zaure ta yi sama, ta karkace, ta gangaro har kusa da ƙasa, ta ratsa cikin ɗakin Rahinatu, a can ta rabu biyu. Suka bi reshe guda har azahar, ya kai su ga wani soket da aka manta aka shafe, babu rami. Suka dawo mararrabar. Fentin ruwan ƙwai yana zuba ɓawo-ɓawo, ƙura ta cika gida. Sharifa tana kwance a tabarma, idonta a buɗe, ba ta ƙiftawa. Rahinatu ta tuna wani lungu da surukarta takan hana a jingina tsintsiya, aka fasa wurin, ba a sami komai ba sai tubali.

Bayan la'asar hannun Isa ya kumbura, gudumar tana kuɓuce masa. Malam Attahiru ya tuɓe rigarsa ya karɓa. Bai taɓa riƙe cizal ba a rayuwarsa. Ya doki yatsansa, ya doki bangon, ya sake dukan yatsan, bai tsaya ba. Wani lokaci yakan kara kunne ko zai ji kukan ya nuna masa hanya. Bai ji komai ba, ya ce wa kansa ƙarar guduma ce ta toshe masa kunne.

Wayar ta fita daga ɗakin ta bi bangon tsakar gida, ta gangara bayan inda randa take. Rana ta faɗa bayan katanga. Lasifikar masallaci ta yi ƙara, ladan ya yi gyaran murya ya fara. Malam yana durƙushe, gwiwarsa cikin laka, yana duka. Ladan ya kai rabi sa'ad da cizal ɗin ya shige ba tare da ya gamu da komai ba. Ga ramin, ɗan ƙarami, baki mai santsi kamar an daɗe ana shafa shi, wayar ta gitta shi daga gefe zuwa gefe. Isa ya sa filaya ya datse ta. Wata iska mai ɗumi ta fito, da wari kamar na gashin da ya ƙone. Ladan ya ƙarasa.

Sharifa ta tashi ta zo ta durƙusa. Ta zura hannu biyu cikin ramin, ta fito da su a tallabe, ba komai a cikinsu da ido ke gani. Ta kai su ƙirjinta. Ta daɗe tana jijjigawa a hankali.

"Tun hantsi ya yi shiru," muryar ta ce. "Na ji lokacin. Na dai so in ɗauke shi."

Malam Abdulmutallib ya yi salati a ƙasan maƙoshi, sannan ya tuna mata rantsuwarta. Ta ce ba ta manta ba.

Malam Attahiru yana nan a durƙushe, jini yana ɗiga daga yatsansa. Ya ɗago kai ya dube ta.

"Baiwar Allah, mi za ni biyan ki?"

"Kai da ka san inda aka kai ƙara, gaya mini inda za ni kai tawa."

Ta jira shi kaɗan, kamar da gaske take son ji. Sannan ta yi wa Malam Abdulmutallib sallama, Sharifa ta yi atishawa, ta sulale a jikin uwarta. Da ta farfaɗo ruwa ta nema, ta dubi bangon da aka fafe daga zaure har randa, ta tambayi wa ya yi wa Baba wannan ɓarna.

Ba a sake jifa a gidan ba. Sharifa ta warke, ta koma makaranta, surutunta ya dawo. Sai dai wani lokaci da almuru, tana cikin hira, hannayenta kan naɗe a ƙirjinta su fara jijjiga, ita ba ta sani ba, uwarta kuma ba ta taɓa gaya mata ba.

Bayan damina Mode ya dawo, ya rame, ya yi baƙi. Ya ji ana ta nemansa, ya zo gaisuwa da fargaba, domin duk gari an gaya masa abin da ke jiransa. Ya tarar da Malam Attahiru a kan buzunsa kusa da randa, gidan ba wuta, doguwar tsagar tana nan yadda aka bar ta. Mode ya durƙusa ya ce a yafe masa, gobe zai zo da siminti da sabuwar waya ya mayar da komai yadda yake.

Malam ya dube shi. Duk maganganun da ya tanada tun farkon abin suna nan a jere a kansa, bai manta ko ɗaya ba. Ya juya ya dubi ɗan ramin.

"Bar shi buɗe," ya ce. "Tashi mu tai masallaci."