Gaisuwa a Tsakiyar Tsere

Keken ɗinkin Nusaiba sai ƙara yake yi a tsakar gida, ita kuwa sai murmushi take ita kaɗai. Tana da dalili: saura kwana tara dangin Misbahu su kawo gaisuwar iyaye, bayan shekara biyu cur yana zuwa zance. Inna Taiba na gefe tana tsince shinkafa a faranti, tana satar kallon 'yarta tana ƙunshe dariya.

Sai ga Malam Nasidi ya shigo da kekensa, ko sallamar bai ƙarasa ba ya jingine shi da bango da ƙarfi. Da hantsi ne, lokacin da ya kamata a ce yana can gonarsa ta rani.

"Lahiya, Malam?" Inna ta tambaya.

"Ina lahiya? A aika gidan mahautan nan a ce su dakata. Kada kowa ya tako mani gida ran Juma'a!"

Ƙafar Nusaiba ta tsaya cak a kan keke.

"Subhanallahi! Mi yaf faru?" in ji Inna.

"Yaron nan nig gamu da shi bakin magudanar ruwa. Hanya guda, ni da shi, ido da ido. Ga shi da wani ɗan guntun wando, gwiwa waje, shina gudu kamar an koro shi. Yad dube ni, yak kau da kai, yaƙ ƙara wuta! Ni Nasidi! Tun ban ba shi ɗiya ba ke nan, to in na ba shi hwa?"

"Baba, wataƙila bai gane—"

"Rufe mani baki!"

Ya shige ɗaki. Nusaiba ta kifa kai a kan keken ta fashe da kuka, ɗinkin da ke ƙarƙashin allura ya jiƙe da hawaye.

Kowa a Talata Mafara ya san yadda ake yi. Saurayin da ke neman 'yar mutum, in ya hango uban tun daga nesa zai tuɓe takalmi, ya durƙusa a gefen hanya, ba zai tashi ba sai an sallame shi. Ko a kan babur yake sai ya sauka. Misbahu kuwa ba baƙo ba ne, a nan aka haife shi, ubansa na cikin manyan mahautan kasuwar garin. Abin da ya ɗaure wa Inna kai ke nan.

Ta dafa kafaɗar 'yarta ta yi ƙasa da murya. "Ki yi haƙuri, ɗiyata. Ba gaisuwar kaɗai ta ba. Tun ranar da munka baro Gidan Goga babanki bai son ganin mutum a guje. Kin dai san Baffanki Lado bai iso tare da mu ba."

Nusaiba ta sani. Tana da shekara goma sha uku sa'ad da 'yan bindiga suka shiga garinsu, suka fito da kayan jikinsu kawai. Amma ba a zancen a gidan, ita ma ba ta taɓa tambaya ba.

Bayan la'asar ta kira Misbahu a waya. Ta ce, "Ka hwaɗa mani gaskiya, ka ga Baba ko ba ka gan shi ba?"



"Na gan shi, Nusaiba."

"Ka gan shi! Kuma kaw wuce?"

"Wallahi kunya ta. Atisayen gudu nike yi, gajeren wando ne jikina. Nic ce ta yaya zan durƙusa gaban Baba cinya waje? Sai nig ga gara in yi kamar ban gani ba. Ina wucewa nis san na yi ɓarna. Sori, don Allah."

"Sori ɗinka za shi maido Juma'a?" Ta kashe wayar, ta sake wani sabon kukan.

Washegari kawun Misbahu ya zo ba da haƙuri da goro a aljihu. Malam Nasidi ya tarbe shi da mutunci, ya shimfiɗa masa tabarma, amma goron nan bai taɓa shi ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ƙato da gemunai shina gudu ba abin da yab biyo shi. Mu da munka yi gudu na gaske mun san ba abin wasa ba na."

Gudun da ake magana kuwa tsere ne da ƙungiyar matasan garin ta shirya ranar Asabar, kilomita goma: a fita ta hanyar Bakura, a juyo, a ƙare a filin makaranta. Ukun farko za a kai su Gusau su wakilci yankin. Wata huɗu Misbahu da abokansa biyu suna tashi da sassafe saboda wannan rana, Ishaq ɗan kabu-kabu daga Maradun, da Zaharadeen malamin firamare a Bakura. A cikinsu babu mai ƙafar Misbahu, kowa ya yarda da haka, har Ishaq da ba ya yarda da komai.

Da suka haɗu a fili ranar Alhamis da yamma, Misbahu ya zauna a kan dutse ya ƙi ɗaura kambas.

"Ni hwa na janye," ya ce.

Ishaq ya yi tsalle kamar ya taka garwashi. "Ka janye? Wata huɗu ina ƙona mai daga Maradun, ka ce ka janye? Don tsoho ya yi hushi? Malam, soyayya daban, tsere daban!"

"Hanyar ta ƙohwar gidansu za ta bi, Ishaq. Rumhwarshi na nan bakin titi, daidai kilomita takwas."

"To ka ɗaga mashi hannu mana! Ko ka ce salamu alaikum da ƙarhi, ai ka yi gaisuwa."

Zaharadeen ya yi dariya, sannan ya ce a hankali, "In ka janye ma ba a fasa cewa ka raina shi ba. Ka dai yi tunani."

Tunanin da Misbahu ya kasa yi, Nusaiba ce ta yi. Inna ta so ta sa shi ya bar gudun gaba ɗaya a huta, amma ita ta san yadda abin yake a ransa, kuma ta san ba za ta ji daɗin auren mutumin da ta karya wa zuciya tun kafin a ɗaura ba. Ta ɗauko wani yadi mara nauyi, ruwan toka, wanda ta ajiye don zanen gado, ta yanka ta ɗinka dogon wando mai roba a idon sawu. Yini guda tana kansa, tana ɗinki tana share ido. Ta ba ƙanwarsa Husna ta kai masa, da saƙo guda: "Ki ce mashi yanzu ba shi da sauran hujja."

Ranar Asabar tun ƙarfe bakwai gari ya cika da hayaniya. Matasa sun fi ɗari, daga Mafara, Bakura, Maradun, har da na Damri. 'Yan sintiri sun tare motoci, yara sun hau katanga. Da Ishaq ya ga Misbahu cikin jesi da dogon wando ya riƙe ciki. "Kai! Wa'azi za ka ko tsere?"

Aka busa usur.

Inna ta yi fatan Malam ya tafi gona a ranar. Ina! Ya buɗe rumfarsa ta shinkafa da ke ƙofar gida, ya zauna a kan benci da carbi a hannu, fuska a murtuke. Da masu tsere suka wuce a tafiya Misbahu na can tsakiyar cincirindo a ɗaya gefen titi, babu wanda ya gane wani. Dawowar ce abin tsoro. Nusaiba ta laɓe a zaure tana leƙe ta kafar ƙyaure.

Can sai ihu ya taso daga nesa. "Misbahu! Misbahu ɗan mahauta!" Ga shi nan shi kaɗai a gaba, ya ba na biyu rata mai yawa, wandon da ta ɗinka ya jiƙe sharkaf.

Nusaiba ta ji ta kasa tantance abin da take roƙon Allah.

Saura taku ashirin ya iso rumfar sai ya rage gudu. Ya sauka daga titi. Ya sunkuya ya kwance igiyar kambas, ya tuɓe ɗaya, ya tuɓe ɗaya, ya durƙusa a ƙasa yana haki.

"Baba, an tashi lahiya?"

Mutanen da ke bakin titi suka kaure da ihu. "Kai, tashi! Ya haukace ne? Ga su nan tahe!"

Malam Nasidi ya ɗago kai a hankali. Bai yi gaggawa ba ko kaɗan.

"Lahiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba."

"Yaya mahaifinka?"

"Shina lahiya."

"Yaya jikin kakarka? Na ji an ce ƙahwa ta matsa mata."

"Da sauƙi, Baba."

Mutum na farko ya wuce fuu. Na biyu ya bi shi. Zaharadeen ne na uku, ya waiwayo sau ɗaya ya ci gaba.

"Yaya kasuwa? Shanu sun yi tsada, ko?"

"Sai godiya."

Ishaq ya iso yana numfashi da kyar, ya daka tsawa ba tare da ya tsaya ba: "Misbahu, ka kashe mu!" Misbahu ko motsi bai yi ba, idonsa na ƙasa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. A zaure Nusaiba ta toshe baki da mayafi. Haushin babanta ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba, ga tausayin Misbahu kamar ya tsaga mata ƙirji.

Sai da mutum ashirin suka wuce, sannan Malam ya ajiye carbi.

"Ran nan mi yas sa kaw wuce ni?"

"Kunya nij ji, Baba, saboda shigar da ke jikina. Na yi kuskure. A gahwarce ni."

"Yau kuma ba ka ji kunyar jama'ag ga ba? Kai ne gaba."

"Na ji, Baba."

Malam ya dube shi. Da ya sake magana muryarsa ta canza. "Tashi ka cim ma 'yan'uwanka."

Misbahu ya miƙe, ya ɗauki kambas ɗinsa a hannu, domin ba a sa takalmi a gaban suruki. Haka ya hau kwalta mai zafi ƙafa ba komai, da nufin ya sa in ya sha kwana. Da ya sha kwanar kuma ya ga babu amfanin tsayawa, ya ƙarasa a haka. Shi ne na talatin da ɗaya. Wasu suka yi masa tafi, wasu suka yi ta dariya, tafin ƙafarsa duk ya yi bororo. Aka kira sunayen masu zuwa Gusau yana zaune a ƙasa yana ji, har da Zaharadeen. Ishaq ya ƙi yi masa magana, sai da ya gaji da fushin ya je ya sayo masa ruwan leda ya zuba masa a ƙafa yana ta mita.

A gida kuwa Malam Nasidi ya rufe rumfa tun kafin azahar. Ya shigo ya zauna a bakin ƙofar ɗaki, Inna ta kawo fura bai sha ba. Nusaiba na tsugune a gindin kekenta, idanu sun kumbura.

"Taiba," ya ce, "ranar da munka hito Gidan Goga, na ce maki ban ga Yaya Lado ba."

Inna ta ɗago.

"Na gan shi. Ya hwaɗi bakin rahi, ƙahwarshi ta gurɗe. Yak kira ni, sau biyu. Ina jin harbi bayana. Ban tsaya ba."

Nusaiba ba ta taɓa ganin hawayen babanta ba sai ranar.

"Da yaron nan yak kau da kai ran nan, kaina nig gani. Shi yas sa nik kasa haƙuri. Nic ce wanga in wuya ta zo, haka zai bar mani ɗiya kan hanya." Ya share fuska da hannun riga. "Yau ina ta ja mashi gaisuwa ina jira shi tashi. Bai tashi ba. A aika masu su zo Juma'a."

Nusaiba ta rarrafa ta kama ƙafar babanta tana kuka. Yanzu kam ba Misbahu take wa kukan ba, kukan babanta take, da nauyin da ya ɗauka shi kaɗai shekara bakwai.

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Gusau dai ta wuce Misbahu a wannan shekarar, kuma har yau in an yi zancen yakan ji zafin abin. Amma da shekara ta zagayo aka sake tsere, tun da sassafe Malam Nasidi ya aika masa cewa ya yafe masa gaisuwar ranar, sannan ya fito da randar ruwa ƙofar rumfa saboda masu gudu.

Ku samari da 'yan mata masu karanta wannan, ku riƙe abu biyu. In kun yi kuskure ku koma ku gyara shi a inda kuka ɓata, ko da zai ci muku abin da kuka fi so. In kuma kun ga babba ya tsananta a kan abin da kuke gani ƙarami, ku yi haƙuri da shi, don ba ku san wanda ya bari a bakin rafi ba.