Famfon da Kalilu Ya Ɗaura

Sajan Amadu ya kama Sabiru, direban taraktar ƙungiyar manoma, ran Asabar da hantsi. Laifin da aka ɗora masa shi ne ya cire sabon famfon da ke ɗaga garma, ya ɗaura matacce a gurbinsa. Alhaji Maiturare, shugaban ƙungiyar, shi ya kai ƙara. Ran Litinin za a kai Sabiru gaban alƙali. Shekara uku ke nan da ƙaddamar da shari'ar Musulunci, kuma a Daura duk wanda aka kira ɓarawo, hannunsa yake fara dubawa.

Labari ya iske Kalilu makanike a garejinsa na bayan kasuwa. Tsoho ne mai shekara saba'in, ba ya dariya sai da dalili. Shi ya ɗaura famfon nan da hannunsa wata ɗaya da ya wuce, kuma shi ya koya wa Sabiru aiki shekara bakwai. Ya goge hannu, ya nufi caji ofis.

"Kai ka cire?" Kalilu ya tambayi Sabiru.

"Wallahi Baba, ba ni ba ne."

"Ban tambaye ka rantsuwa ba. Faɗi abin da ya faru."

Sabiru ya ce, "Alhamis na ajiye tarakta lafiya lau. Yau na tayar, inji ya yi tari ya mutu. Iska ce a tiyon gas. Na fitar da iskar, ya tashi. Na ja hannun garma, sai kuka kawai take, ba ta ɗaga ba, mai na kumfa. Da na leƙa na ga ba famfonmu ba ne, ni da kaina na je na gaya wa Alhaji."

"Tankin gas ya ƙare ne?"

"Cike yake."

"Ina lanƙwasasshiyar sifanar da na ba ka?"

"Tana cikin jakata, wajen Sajan."

Kalilu ya juya ga Sajan Amadu. "Ɗauko jakar, ka taho da shi. A bakin tarakta ake shari'ar tarakta."

Sajan ya dube shi. Tsohon nan ne ke gyara masa babur, kuma bai taɓa jin ya faɗi abin da bai sani ba. Ya ɗauko jakar.

Tarakta tana cikin rumfar ƙungiya a hanyar Mai'adua. Kalilu ya durƙusa, ya shafa tiyon gas da yatsa. Notin da ke riƙe da shi ya sha sabon ƙarce, an kuma shafe bakinsa da sabulu don kada ya ɗiga. Ya goge jikin mataccen famfon da tsumma, ya duba.

Ya kira Auta maigadi. "Jiya wa ya shigo?"

"Ba kowa, Malam. Sai dai da na tafi masallacin Juma'a na kulle, na kai makulli gidan Alhaji, kamar kullum."

Sajan ya ce, "Ko kai ne ka cire kafin ka tafi?"

Kalilu ya miƙa wa Auta sifana, ya nuna masa wani noti a jikin garma. "Kwance wannan."

Auta ya dage ya murɗa, yana nishi. Ƙara ɗaure shi yake yi.

"Bar shi haka kafin ka karya," in ji Kalilu. "Wannan ko akuya ba zai kwance daidai ba. Fitar da shi daga ciki, Sajan."

Ana haka motar Alhaji Maiturare ta tsaya. Ya fito da ɗansa Muhsin, saurayi mai agogo da baƙin tabarau. Muhsin ya taɓa zama a garejin Kalilu wata huɗu, ya gudu, ya ce shi ba bawa ba ne. Yanzu yana da tsohuwar tarakta da yake haya da ita a gonakin wajen Kongolam.

"Malam Kalilu, me ya kawo ka?" in ji Alhaji. "Ai magana ta ƙare. Muhsin zai karɓi tuƙin, ya san aikin."

"Madalla," in ji Kalilu. "To, bayana ya tsufa. Sajan yana son famfon nan don ya kai kotu. Muhsin, cire mana shi."

Muhsin ya cire tabarau, ya karɓi sifana yana murmushi. Ya kwance notuna uku na gaba. Na huɗu yana ɓoye a bayan tiyon gas. Bai ko tsaya dubawa ba, ya ɗora sifana a kan notin tiyon.

"Tsaya nan," in ji Kalilu. "Sabiru, nuna masa."

Sabiru ya ɗauki lanƙwasasshiyar sifana, ya zura ta ƙarƙashin tiyon, ya murɗa sau uku. Noti ya faɗo a tafinsa. Bai taɓa tiyon ba.

Kalilu ya miƙe tsaye. "Sajan, saurara, sau ɗaya zan faɗa. Tanki cike yake, amma iska ta shiga gas. Wani ya kwance tiyon ke nan don ya kai ga noti na huɗu. Sabiru ba ya kwance shi, ni na lanƙwasa masa sifana a wuta. Auta bai san hagu da daman noti ba. Ɓarawon ya san famfo, amma bai zauna ya gama koyo ba. A wata na shida nake koya wa yaro wannan dabarar."

"Wannan ai zato ne!" in ji Alhaji.

Kalilu ya zaro famfon, ya juya cikinsa. Akwai layi biyu da aka gitta da ƙusa.

"Duk kayan da ya mutu, haka nake yi masa, don kada a sayar wa talaka. Wannan shi ne tsohon famfon taraktar nan. Da na cire shi, hannunka na ba, Alhaji, ka ce za ka ajiye a zaurenka. Makullin rumfa ma a gidanka ya yi Juma'a. Sabon kuma na buga masa ɗigo uku a gindi. Taraktar Muhsin ta yi sati biyu garmarta ba ta tashi, har ya aiko mini na ƙi zuwa. Sajan, hau babur ka je Kongolam ka ƙirga ɗigo."

Sajan ya dubi Muhsin. "In je?"

Muhsin ya sunkuyar da kai. "Aro na yi. Ruwa ya sauka, mutane na jira na. Da an gama huɗa zan mayar."

"Aro?" in ji Kalilu. "Da hannun wani za ka biya?"

Alhaji Maiturare ya kama hannun rigar tsohon, ya ja shi bayan rumfa. Muryarsa ta yi laushi.

"Malam, mu rufa wa juna asiri. Allah ne shaidata, ban san shi ne ba. Zan janye ƙara yau. Famfo zai dawo kafin la'asar. Kai dai ka gaya wa Sajan da 'yan ƙungiya babu sata, sakacin direba ne ya ƙona famfon. A sallami Sabiru daga aiki, shi ke nan, ba kotu, ba kowa. Duk gyaran ƙungiya kuma naka ne har ka mutu."

Kalilu ya dubi Sabiru can bakin tarakta, ankwa na lilo a hannunsa ɗaya. Direban da aka ce ya ƙona famfo, daga Daura har Zango ba mai sake ba shi makulli.

Ya zare rigarsa daga hannun Alhaji. Ya koma gaban rumfa, inda Sajan da Auta da manoman da suka taru za su ji.

"Alhaji ya ce in ce Sabiru ne ya ƙona famfo," in ji shi. "Sabiru bai ƙona ba, bai sata ba. Ba zan faɗa ba."