Abin da Aku Ya Ji a Ɗakin Baya

Ana shirin kiran magariba mai ɗinki ta dawo daga kantin bakin layi, riƙe da ƙullin gyaɗar akunta. Tun daga nesa take jin ihunsa. Kwana shida ke nan da tarewarta a gidan da yayanta ya ba ta, kwana shida aku bai rufe baki ba. Tsuntsun da a tsohon gida ba shi da aiki sai gulma da kwaikwayon ƙarar keken ɗinki, yanzu abincin ma ya ƙi.

Ta yi wa Yaya ƙorafi, ya ce baƙunta ce, zai saba. Ta yarda, don shi ya riƙe ta tun rasuwar iyayensu. Shi ne ma ya ɗauko kejin a motarsa ranar tashi, ya riga kowa isowa da shi.

Tana tura ƙofa ihun ya tsaya cak.

Falon na warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali ba a yi ruwa ba. Aku ya maƙale a kusurwar keji, gashinsa a tashe, idonsa a kan ɗakin baya, wanda Yaya ya ce ya ɓatar da makullinsa.

Ƙofar ɗakin a buɗe take.

Sai aku ya yi gyaran murya, irin na Yaya sak. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, da muryar Yaya:

"Ga ƙanwata na kawo muku. Jininmu ɗaya. Ku sake ni."

Gyaɗar ta zube daga hannunta. Ta san tsuntsunta sarai, bai taɓa ƙirƙirar magana ba. Abin da ya ji yake maimaitawa.

Ya sake buɗe baki. Wannan muryar ba ta taɓa jin irinta ba, busasshiya, kamar ana jan buhu a siminti.

"Mun karɓa. Amma sai ta kwana bakwai a nan."

Ta ƙirga a yatsunta. Yau ne na bakwai.

Keken ɗinkinta ya fara juyawa shi kaɗai. Taka-taka-taka.

Wani sanyi ya taɓa ƙeyarta.

"Kin dawo," aka ce daga ɗakin baya. Bakin aku a rufe yake.

Ta fizgi kejin. Addu'a na sarƙe mata a harshe, tana yi tana sakewa. Wani abu ya riƙe gefen mayafinta. Ta bar masa, ta faɗa titi ba takalmi, ba ta tsaya ba sai gidan ƙawarta.

Washegari ta je shagon Yaya da keji a hannu. Sai a ranar ta lura ya yi ƙiba, ramar da ya yi shekara biyu yana fama da ita ta tafi. Da ya gan ta, kofin shayi ya suɓuce masa.

Ta ajiye masa makullin gidan a kan tebur. Ta jira ya tambaye ta lafiya, ko ya yi mata ƙarya ma, ta samu abin riƙewa. Bai yi ba. Sai kawai ya ce, "Kwana nawa kika yi?"

Wannan tambayar ta fi abin da ke ɗakin baya yi mata ciwo.

"Shida, Yaya," ta ce.

Aku bai ƙara ihu ba tun daga ranar, ya koma cin gyaɗarsa. Ita kuwa ko sunan yayan aka ambata sai ta tashi ta bar wurin. Maƙwabtansa sun ce ya fara ramewa.