Gwiwar Baba Faleolo

Lanuola ta fara ganin Setefano ne ranar da ya ce mata an sake ɗage aikin gwiwar mahaifinta, Baba Faleolo. Daga wurin aiki ta wuto asibitin, ko takalmi ba ta sauya ba.

"Sugansa ya hau, jininsa kuma ya yi ƙasa," in ji shi. Nas ne, shi ke haɗa kan likitan tiyata da mai tsara abinci da masu gashin ƙashi. "In aka yi aikin a haka, wurin ba zai warke ba. Ku ba mu mako takwas mu shirya jikinsa."

"Mako takwas! Kai za ka riƙa ɗaga shi zuwa banɗaki?"

Ya dubi idanunta da duk suka faɗa, tausayi ya kama shi.

"A'a. Amma ga lambata."

Daga tambayar magani hira ta zarce. Kullum sai ya rubuto: "Lanu tawa, kin ci abinci? Ke nake tambaya, ba Baba ba."

Ita kuma ta mayar: "Sarkin ɗage aiki, na ci. Ka bar ni in miƙe bayana."

To, mu mutanen tsibirin Samoa da ke zaune a Brisbane ta ƙasar Ostireliya ba ma zuwa dubiya hannu rabbana, mara lafiya kuma ba ya mayar da kwano. Gwaza da madarar kwakwa, burodi mai zaƙi, ga Penaia ɗan dattijon coci, mai neman Lanuola, kowace Asabar da katan na naman gwangwani. Da ƙauna muke kashe juna, wallahi.

Ranar da Setefano ya je gaisuwar neman aure, Baba Faleolo ya yi masa kallon sama da ƙasa.

"Wannan ne mai leƙa mini tukunya? Penaia ya kawo nama, shi ya kawo takardar awo. Ba zan ba shi 'yata ba."

A mako na shida awon suga bai sauka ba. Setefano ya rubuto: "Anya ana bin tsarin abincin nan kuwa?"

Ta karanta a tashar bas, hawaye ya zubo mata. "Wato ni ce ban yi ƙoƙari ba. Na gaji, Setefano. Kar ka ƙara nemana."

Bai neme ta ba. Wurin tsohon ya koma.

"Baba, kana so ka sake tafiya da ƙafarka?"

Tsohon ya ce, "Yaro, ni ba zan iya ce wa mutane su koma da kwanonsu ba."

"To ka ba ni izini ni in ce."

"Je ka. Su cinye ka ɗanye."

Ranar Lahadi bayan sujada a coci, Setefano ya zauna a ƙarshen tabarma, ya tanƙwashe ƙafa, kansa a ƙasa. Ya roƙi dattawa kada a daina dubiya, amma a kawo kifi da ganye, kuma duk wanda ya zo ya taka da Baba zuwa bakin titi. An yi gunaguni. Matar fasto ce ta fara zuwa da kifi, sauran suka bi, har Penaia, yana hura hanci.

Da Lanuola ta ji abin da ya yi, ta rubuto: "Ka yafe mini, hasken idona."

"Ban taɓa riƙe ki ba. Je ki huta."

Bayan mako biyar aka yi aikin, wurin ya warke sumul.

Ranar ɗaurin aure Baba Faleolo ya rako Lanuola daga ƙofar coci har gaba, a hankali, ba sanda. Ya ɗora hannunta a na Setefano.

"Allah ya yi muku albarka. Shekara biyu yarinyar nan tana ɗauke da ni. Ɗana, ka bar ta ta huta."