Wa Ya Ɗinke Tarun Egya Atta?

Sufeto Ekua Amissah ba ta ko warware ganyen dokununta ba Kofur Ebo ya leƙo ofis.

"Madam, an yi sata a gidan tarihi."

"Na Araba? Me za a sata a can, tsohuwar tukunya?"

"Filafilin tuƙa jirgi na marigayi Egya Atta. Mata kuma sun cika ƙofar, kowacce ta ce a ba ta kayanta."

Ta mayar da dokunun, tuwon masarar da ake naɗewa a ganye, cikin leda, ta ɗauki hularta.

Gidan tarihin garin Poano tsohon siton gishiri ne a bayan kasuwar kifi, ɗaki ɗaya dogo. Araba Essel ta ajiye koyarwa saboda shi. Ta sha yawo gida-gida tana roƙon aron kayan zamanin da, kwandunan kifi da fitilun aci-bal-bal da tukwanen da kakanni suka bari, har aka gaji da ita aka ba ta. Ranar Asabar za a buɗe wa jama'a. Yau kuwa Laraba.

Maame Esi, shugabar masu bandar kifi, tana tsaye a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu, mata sun yi dafifi a bayanta.

"Ekua 'yar Kwesi, gara da kika zo. Mun ba yarinyar nan amana, ta sayar wa masu yawon buɗe ido. Yau filafili, gobe tukunyar kakata. Kowa zai kwashe nasa, ta buɗe bango ranar Asabar."

"Maame, ki bari jirage su dawo tukuna. In ban samo shi ba, ni da kaina zan ɗauko miki tukunyar a kaina."

"Da wannan siririn wuyan naki? To, muna nan. Ba inda za mu."

A ciki Araba tana zaune kan wani kifaffen kwale-kwale, idanunta sun kumbura. A jikin bango ƙusoshi biyu ne tsirara. Ƙarƙashinsu an manna kati: filafilin marigayi Egya Atta, aro daga magajinsa, Kojo Bentsil.

"Jiya kina nan?"

"Wuni guda, Madam. Ina jera kaya."

"Kin fita?"

"Ban ɗaga daga bakin ƙofa ba."

Sufeto ta leƙa kwandon shara. Ganyen dokunu ne da ƙayar kifi, da ledar yaji.

"Wannan da ƙafarsa ya zo?"

Araba ta sunkuyar da kai. "Na je ƙarshen kasuwa na sayo. Na tarar da layi. Ban kulle ba, na ɗauka ba zan daɗe ba."

"Da kika dawo fa?"

"Na zauna a bakin ƙofa na ci. Sai yayata ta kira ni daga Takoradi, in ta fara magana kuwa sai batir ya mutu. Daga nan na je famfo na wanke hannu, na kulle na tafi. Ban duba bango ba. Madam, wallahi ban sayar ba."

Sufeto ta ɗaga kai. Hankalinta ya tafi kan wani tsohon taru na auduga da aka rataya a bayan kwale-kwalen, ya yi ja da rinin ɓawon itace. A tsakiyarsa akwai faci da koren zaren roba, sabo fil.

"Wa ya yi miki wannan aikin?"

Araba ta waiga. Ta miƙe zumbur.

"Yagar! Ina yagar? Wayyo, an kashe ni!"

Da ƙyar ta iya bayani. Ran da igiyar ruwa ta kifar da jirgin Egya Atta, tarun ya nannaɗe wani ma'aikacinsa. Tsohon ya nutsa da wuƙa ya yanka tarun ya ciro shi. Inji ya mutu, da filafilin nan ya tuƙo su gida. Haka Kojo ya ba ta labari. Saboda yagar ta rataye tarun.

Sufeto ta durƙusa ta shafa facin. Ubanta masunci ne, ta tashi tana riƙe masa zare duk ranar Talata, ranar da ba a shiga teku, maza su baje taruna a inuwar kwakwa su yi ta ɗinki. Ƙullin nan ya ɗauru tsaf, amma ya kwanta ta gefen da bai kamata ba. Allurar ɗinkin taru ta katako, wadda aka ajiye don nuni, tana ƙasa a bayan kwale-kwalen, da guntun koren zare a bakinta.

"Ebo, ɓarawo nawa ka taɓa gani ya tsaya yi wa mai gida gyara?"

"Ko ɗaya, Madam. Da zai biyo ta gidana, rufina yana yoyo."

Suka tarar da Kojo Bentsil kwance a tsakar gida yana hamma. Ɗan 'yar'uwar Egya Atta ne, shi ya gaji jirgi da inji da taruna kamar yadda aka saba a garin, inda gado ke bin dangin uwa. Matarsa tana juya kifi a kan murhun banda.

"Jiya ina kake, Kojo?"

"Ina kuwa zan kasance ranar Talata? Bakin teku, ina ɗinki da yarana."

"An ce wani Bature ya taɓa taya filafilin."

"Na hana shi. In na so sayarwa, kayana ne, sai in sata?"

Sufeto ta matsa kusa da murhun. Kifin yana ɗigar mai, idanunsa ba su ko faɗa ba.

"Jiragen yau ba su dawo ba. Kifin Litinin kuwa ya daɗe da bushewa. Wannan daga sama ya faɗo?"

Matar ta saki maficinta ta shige ɗaki. Kojo ya tashi zaune, ya rage murya.

"Yaya Ekua, ki rufa min asiri. Na ga garken kifi dab da gaɓa, zuciyata ta kasa. Ta bayan duwatsu muka fita, sai yamma muka dawo. In sarkin masunta ya ji, na shiga uku."

"Wannan tsakaninka da shi da teku. Ni filafili nake nema. Ban da kai, wa ya damu da shi?"

Kojo ya sosa ƙeya. "Ekow, ɗan kawun nawa. Tun ranar rabon gado bai amsa gaisuwata ba."

Rana ta karkata lokacin da jirage suka fara shigowa, tutocinsu suna kaɗawa. Ekow ya sauko daga jirgin wani da yake wa aiki, dogo, mara yawan magana. Sufeto ta tare shi a bakin gaɓa.

"Ban taɓa taka gidan tarihin nan ba," in ji shi. "Me zan gani? Tukunya muna da ita a gida."

"Jiya fa?"

"Barci na yi."

"To. Ka zo can ɗin dai, yau ka fara takawa. Tambaya ce kaɗan."

Ta aika a kira Kojo shi ma. Kafin su iso ta sa Ebo ya aro yagaggiyar komar kamun kifi da allura da zare, ya yar da su a kan bencin da ke ƙofar gidan tarihin, kamar wani ya manta. Ta zaunar da Kojo da Ekow a kai, ɗaya a wannan ƙarshe, ɗaya a wancan.

"Ku jira ni, ina waya da babban ofis."

Ta shiga ta tsaya bayan taga. Babu wayar da ta yi. In dabarar ta ƙi, ba ta da wata, kuma tana jiyo Maame Esi tana cewa a kawo gammo.

Kojo ya ciro wayarsa yana latsawa. Ekow ya kalli teku, ya kalli ƙasa, ya kaɗa ƙafa. Komar tana taɓa cinyarsa. Ya ture ta. Can ya ɗago gefenta ya dubi yagar, ya yi tsaki. Bai ma san ya maƙale ta a babban yatsan ƙafarsa ba, allurar ta fara shiga tana fita.

Da hannun hagu.

Sufeto ta bar bakin taga. Ta sauko da tsohon tarun, ta fito ta shimfiɗa facin kusa da ɗinkin da ke hannunsa. Ƙullin iri ɗaya, duk sun kwanta gefe guda.

Mata suka matso suna leƙe.

"Ekow, barci ka ce ka yi jiya. A cikin barcin ka ɗinke wannan?"

Ya dubi hannunsa kamar na wani ne. Ya ajiye allurar a hankali.

"Na ga ƙofa a buɗe na shiga. Na sauke shi ke nan ta dawo ta toshe hanya. Na ɓuya bayan kwale-kwale, ita kuma ta hau waya. Magana, magana, har labarin ɗinkin biki na ji. Ga yaga a gaban idona, ga allura, ga zare a aljihuna, kuma Talata ce. Ya zan yi? Da ta tafi famfo na sulale."

Wata daga baya ta tuntsire da dariya, aka zungure ta.

"Ina filafilin?"

"Yana soke a rufin ɗakina. Na shafa masa man kwakwa, ya bushe da yawa."

Ebo ya hau babur. Kafin a gama cece-kuce ya dawo da shi, naɗe cikin zanen da Ekow yake yafawa ranar Lahadi. Araba ta karɓa ta rungume, ta zauna daɓas a kan dakali tana dariya da hawaye.

"Me ya sa, Ekow?" in ji Sufeto.

"Jirgi na Kojo ne, inji nasa, ban yi musu ba, haka muka tarar. Amma da filafilin nan Egya ya koya min tuƙi. Na ji an rubuta sunan Kojo a ƙasansa, na zo in gani da idona." Ya juya ga Araba. "Malama, wa aka ce miki tarun nan ya nannaɗe?"

"Wani ma'aikacinsa."

"Ma'aikaci." Ya ɗage rigarsa. Tabon zare ya zagaye haƙarƙarinsa, ya yi fari. "Ni ne."

Kojo ya mayar da wayarsa aljihu, ya rasa inda zai sa ido.

"Ɗan'uwa, na janye maganar. Madam, kayan gida ne."

"Gidan tarihi aka shiga, Kojo, kuma an ɓata sunan yarinya a gaban gari. Sai ya je ya ba da bayani. In kana da zumunci, ka biyo mu ka tsaya masa beli."

"Zai biyo," in ji Maame Esi. "Daga can kuma ya wuce gidan sarkin masunta. Ka ɗauka hancinmu ya toshe ne, ɗan nema? Tun asuba muke jin ƙamshin kifin Talata."

Ebo ya ciro ankwa. Sufeto ta girgiza masa kai, ya mayar.

Maame Esi ta tako ta tsaya gaban Araba, ta yi gyaran murya.

"'Yata, bakina ya yi sauri. Tukunyar ta zauna. Amma kin kifa ta ba daidai ba, kakata ba haka take ajiye ta ba. Ku matsa in gyara."

Mata suka yar da gammo suka bi ta ciki, kowacce tana neman kayanta don ta gyara masa zama. Araba ta tsaya da tarun a hannu, tana shafa koren zaren.

"Yaya Ekow, in kwance shi?"

Ya tsaya a gefen Ebo, bai juyo ba.

"Kar ki taɓa. Egya ya sha ce min ni na jawo yagar, ni zan ɗinke. Sai jiya na samu lokaci."

Ta ɓanɓare katin daga bango. "To yaya ake rubuta cikakken sunanka?"

Ya faɗa mata, sannan suka kama hanyar caji ofis ta cikin kasuwa. Sufeto Ekua tana biye da su. Sai a lokacin ta tuna da dokununta, ta ji yunwa ta taso mata gaba ɗaya.